Kuɗin Aikin Aina'u

Ranar da likita ya gaya wa Aina'u cewa ƙari ne a mahaifarta, kuma sai an yi mata aiki, ni na raka ta asibiti. Sunana Badi'a. Shekara bakwai muna zama kan tabarma ɗaya da ita a wani siton riɗi da ke Sharaɗa, muna tsince tsakuwa da datti, ana biyan mu a kan buhu. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, wanda ban gani ba kuwa daga bakinta na ji.

Da muka fito ko hawaye ba ta yi ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Badi'a, tunda abin na kuɗi ne. An ce aikin ba zai wuce dubu ɗari bakwai ba, ni kuwa ina da ɗari takwas a banki." Adashi biyu ta kwasa, ta sayar da awakinta na ƙauye, ta haɗa ta ajiye. Laifinta ɗaya, da ta koma gida ta gaya wa mijinta adadin.

Malam Abdulbaqi shi ke kula da injin narka roba a wani kamfanin takalma nan Sharaɗa. Ba ya shaye-shaye, ba ya duka, sahun farko yake sallah. Ciwonsa guda ne: gida. Ya sayar da gonar gadonsa ta Ringim, ya haɗa da tarin shekara goma sha huɗu, ya samo wani sabon gini bayan kamfanonin Challawa, ta hanyar Kumbotso. Ɗaki uku da falo, tayil har banɗaki, da ɗan shago a jikin ƙofa. Miliyan shida aka sallama, shi kuma yana da biyar da dubu ɗari biyu. Mai gidan mutumin kirki ne. Ya ce ya kawo abin da ke hannunsa ya shiga, ragowar ya biya a hankali cikin shekara, ba ƙarin ko kwabo.

Aina'u ta ce, "Baban Zainab, ai mutumin nan ya yi adalci. Ka karɓa mana, ni kuma a yi mini aikina."

Ya ce, "Ke ba ki san duniya ba. Gidan da ba a gama biya ba ai haya ce mai takarda. In kwanta da kuɗin wani a kaina? Lakadan zan biya, a gaban shaidu, mai unguwa yana kallo."

"To cikina fa?"

"Cikin nan shekara nawa kuna tare? Ya gudu? Gida kuwa gobe wani zai riga mu. Ki ba ni aro. A'a, ba aro ba, ni ba na cin bashi. Ki dai sa hannu a gidanki. Wata uku in tara miki daga albashi."

Kwana uku yana bin ta da wannan magana. A na huɗu ya ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya, ta zauna a bakin gado tana cewa macen da ta hana mijinta mallakar gida ba ta son 'ya'yanta. Aina'u ta ɗauki waya ta tura kuɗin.

Ranar tarewa har da ni a bayan a-kori-kura, muna riƙe da kwanuka. Muka tarar da Sagir dillali a ƙofar gidan yana jiran cikon la'adarsa. Gida kam ya yi kyau. Aina'u ta shiga tana shafa bango, ta leƙa wannan ɗaki ta leƙa wancan, tana dariya irin wadda na daɗe ban ji ta yi ba. Ana cikin sauke gado sai Sagir ya buɗe baki.

"Malam, ka yi sa'a wallahi. Gidan nan da za a bar shi haka sabo fil, nan da shekara biyu miliyan goma ne. Amma da an hura wuta a ciki sau ɗaya, shi ke nan, ya zama na hannu."

Shi Sagir surutun dillalai kawai yake yi. Amma Malam Abdulbaqi ya tsaya cak da ƙafar gado a hannu, ya dubi farin fentin, ya dubi tukwanen Aina'u masu baƙin gindi. Ya daɗe yana kallon tukwanen. Sannan ya ce wa masu sauke kaya, "Ku dakata. A zuba su a shago tukuna."

Aina'u ta ce, "Tukuna zuwa yaushe?"

"Zuwa in yi tunani."

Ya fito da kowa, ya ja ƙyaure, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun ƙirjinsa.

Shagon nan taku huɗu ne da uku, ƙofar ƙarfe, babu taga. Gado ya cinye rabi, kaya suka cinye sauran. Sati bai cika ba Zainab, babbar 'yarsu, ta dafa katanga da hannun manja, washegari aka kwashe ta da ƙanwarta aka kai su wajen Hajiya. Ya ce yara da fenti ba sa zama wuri ɗaya. Girki ya koma bakin titi, kuma kafin Aina'u ta kunna gawayi sai ya ɗebi ƙasa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa. In ta nufi gidan, a matsar da kurfoti gaban gidan maƙwabci.

Banɗakin cikin gida masai ne na tangaran, ledarsa ma ba a cire ba. Ya ce ba za a fara ba, don abin da aka fara ba ya komawa sabo. Sai dai gidan wanka na bakin kwalta, tafiyar minti goma, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Mace mai zubar jini kuwa sau biyar, sau shida take buƙata a yini. Da ya ga kuɗin suna yawa, ya ba ta shawara ta rage shan ruwa.

Ran Alhamis kaɗai take shiga gidanta, ta ɗaura leda a ƙafa ta goge tayil. Wata Alhamis da zafi ya yi zafi, jiri ya ɗebe ta, ta kwanta a falo kan sanyin tayil ɗin, barci ya sace ta. Ta ce mini tunda suka tare ba ta yi barci mai daɗin wannan ba. Ya dawo daga aiki ya same ta. Bai yi faɗa ba. Ya tashe ta a hankali, ya durƙusa ya nuna mata inda guminta ya yi shaida a ƙasa. Daga ranar ya karɓi gugar da kansa.

Ran Juma'a kuma bayan an sauko daga masallaci sai ya taho da abokan aikinsa, kowa a ba shi leda biyu ya sa a ƙafa, ya zaga da su ɗaki ɗaki yana cewa, "Lakadan na biya. Babu mai bi na ko sisi." Suna fitowa suna sa albarka, su leƙa shago su ce, "Uwargida, kin ji daɗi, Allah ya sanya alheri." Ita kuma ta amsa daga kan gado, "Amin, na gode."

Wata uku suka wuce, ta tuna masa da alkawari. Ya ce wannan watan waya mai ƙaya aka sa a kan katanga. Wata na gaba feshin gara. Na gaba labule, don rana tana cin tayil. Daga nan ya sayo ƙaramar sola da fanka, ya sa a falo, tana juyawa yini guda don kada gidan ya yi gumi. Aina'u tana shago tana fifita da murfin kwano, tana jiyo ƙarar fankar ta bango.

A sito na ga tana ƙarewa a gabana. Macen da ke gama buhu biyu a yini ta koma ɗaya da ƙyar. Tafin hannunta ya yi fari, cikin ya taso kamar mai wata bakwai, har sababbin ma'aikata suna yi mata fatan sauka lafiya. Kuɗin adaidaita daga Challawa zuwa Sharaɗa yana cinye rabin abin da ta samu.

Na kasa haƙuri, na je wajen Hajiya. Ta saurare ni tana tauna goro, ta ce, "'Yar nan, mu a bukka muka haifi tara. Ita an saya mata gida mai tayil tana ƙorafi? Ciwon ciki kowace mace tana da nata. Ta jiƙa sassaƙe ta sha."

Na je Dakata wajen yayanta Lawan, direban babbar mota. Ya ce, "Yana dukanta?" Na ce a'a. "Ya hana ta abinci?" Na ce a'a, amma. Ya ce, "To Badi'a, in je in ce masa me? Mutumin da ya sayi gida lakadan a wannan zamani? Ni shekara ashirin ina haya. Da wane baki zan yi masa faɗa?"

Na je wajen limamin unguwarsu. Shi kam ya ji tausayi, ya ce wannan ba daidai ba ne, kuma da kansa zai je. Ya je ɗin. Malam Abdulbaqi ya tarbe shi da murna, ya miƙa masa leda biyu, ya zaga da shi. Aina'u ta ce tana jin su ta bango, Liman yana tambayar nawa aka sayi tayil ɗin. Ya fito ya yi doguwar addu'a Allah ya tsare gidan daga wuta da ɓarayi, ya karɓi lambar Sagir dillali, ya tafi.

Damina ta sauka, ƙofar shago tana shigo da feshi har kan gado. Aina'u ta roƙi tamfol. Ya sayo tamfol ɗin kuwa, sabo, shuɗi, ya rufe ƙyauren gidan da shi don kada ya yi tsatsa.

Wata Talata da hantsi ta faɗi a sito, a kan riɗin da muke gyarawa. Da muka ɗaga ta, jini ya ɓata rabin buhu. Manaja ya ce ta zauna a gida sai ta warke, wato an sallame ta ke nan. Muka kai ta asibiti. Likitan da ya gan ta wancan karon shi ne dai, ya dube ni ya ce, "Wata tara ke nan da na ce a yi aikin nan. Ina kuka shiga?" Ya ce sai an ƙara mata jini leda biyu yanzu, aikin kuma ya haura miliyan, don ƙarin ya girma, kaya kuma sun yi tsada.

Aka kira Malam Abdulbaqi. Ya zo da gudu, da kayan aiki a jikinsa, hankalinsa a tashe, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. A hammatarsa akwai wata jaka ta roba. Ya nufi tagar biyan kuɗi, ya zaro takardun gida, ya shimfiɗa su gaban mai karɓar kuɗi.

Ta ce, "Malam, mene ne wannan?"

"Takardun gidana ne. Ki duba, ga sa hannun mai unguwa."

"Jingina za ka bayar? Mu ba ma karɓa."

"Jingina? Allah ya kiyaye! So nake ku san wanda kuke magana da shi. Ni ba matsiyaci ba ne. Ina da gida na miliyan shida, yanzu ma ya doshi takwas."

"To ka biya dubu tamanin na jini."

"Ai shi ne nake gaya miki, kuɗin suna jikin gidan."

Mutanen da ke layi suka fara dariya. Mu matan sito muka yi karo-karo, mai dubu biyu, mai ɗari biyar, aka sa mata jinin. Kwana huɗu aka sallamo ta, aka ce a dawo da kuɗin aiki cikin sati biyu.

Hanyoyi uku aka kawo masa, duk a gabana. Kamfaninsu yana ba tsofaffin ma'aikata rance, a dinga cira daga albashi. Ya ce, "Ban ci bashi don gida ba, sai in ci don ciki?" Sagir ya samo wani injiniya mai son haya, zai biya shekara biyu a dunƙule. Ya ce, "Mai haya da yara huɗu? Ka san abin da za su yi wa masan nan?" Sagir da kansa ya ce, "Malam, maganar da na yi ranar nan fa wasa nake. Ka sayar, akwai mai ba da bakwai da rabi yau ɗin nan." Ya ce, "Kai ka ce goma. Sai ya kai goma. In ya kai, asibitin kuɗi zan kai ta, mai ɗaki da na'urar sanyi. Ai ita nake yi wa."

Na ce, "Malam, kuɗinta fa ne a ciki, dubu ɗari takwas."

Ya ce, "Shi ya sa nake tattalin su. Kin ga da an yi aikin nan tun farko, da yanzu kuɗin sun tafi. Ga su nan kuwa suna haihuwa."

Ranar Lahadi da la'asar na je duba ta. Na same ta kwance, leɓɓanta sun bushe, shagon yana wari duk da turaren da maƙwabciya ta sa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Badi'a, kin san na zaɓi ɗaki? Na gabas, mai taga biyu. Tun ranar farko na ga inda gadona zai zauna, da inda zan jera kwanukana. Ba na son komai yanzu. Ki ce masa ya bar ni in kwanta a ciki, ko yini ɗaya ne. Zan shimfiɗa leda."

Na fita na same shi a kan tsani yana goge fitilar ƙofa. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Ba ni makulli."

Ya sauko ya ce, "Wallahi ni ma na yi wannan tunanin. Shi ya sa jiya na sa aka sake wa ɗakin nan fenti, don ta shiga sabo. Warin zai yi mata illa. Gobe in sha Allahu, in ya bushe."

Washegari da safe jinin ya ɓalle. Maƙwabta suka sa ta a adaidaita, ba su kai Panshekara ba ta cika.

A shago aka yi mata wanka, mun kare ƙofa da zannuwa, muna ɗebo ruwa daga gidan maƙwabta. Maza suka zauna a titi. Mata suka yi yawa, aka roƙe shi ya buɗe tsakar gida. Ya buɗe bayan an shimfiɗa buhuna, ya ce ashirin ashirin za a dinga shiga, kuma kada a jingina da bango. Yana tsaye a ƙofa yana ƙirga mu yana kuka, kuka na gaske, har majina. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Saura kaɗan fa. Saura kaɗan ya kai goma. Ba ta yi haƙuri ta ga ranar ba."

Ran sadakar bakwai Yaya Lawan ya yi ƙarfin hali ya ce a fitar wa marayu kason uwarsu a gidan. Malam Abdulbaqi ya buɗe jakar roba, ya nuna takarda: suna ɗaya ne a kanta. Ya ce, "Ni ban taɓa cin bashin kowa ba, har ita. Sa hannu ta yi, Allah ya ba ta lada." Dattawa suka ce gaskiya ne, abin da ke tsakanin miji da mata ba a tona shi, kuma ai gidan uba na 'ya'ya ne. Aka shafa fatiha.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki, ina zaune a gidan Gwaggona inda nake tun rasuwar mijina, aka ce ana sallama da ni. Na fita na gan shi cikin farar shadda, da hula sabuwa. Na ɗauka wani abu ne ya sami yaran.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Badi'a, na ga yadda kika riƙe marigayiya. Ke mace ce mai amana. Ni kuma kin san ni, ba sai an gaya miki ba. Ina da gida nawa na kaina, ba mai bi na ko sisi." Ya dube ni sama da ƙasa. "Lafiyarki ƙalau dai ko? Ba wani ciwo a ɓoye?"



Ya ci gaba, "An ce kuma ke ce da ɗaukar adashi a watan gobe. Katangar baya tana son a ƙara mata bulo uku, na ga yaran unguwa suna leƙe."

Akwai bokitin ruwan wanke-wanke a zaure. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Ya yi tsalle baya, amma shaddar ta samu rabonta, har da ɓawon albasa a kan hular. Ya tafi yana kaɗe riga yana cewa matan yanzu ba su san mai rufa musu asiri ba.

Na shiga gida, na zata Gwaggo za ta ce na yi daidai. Ashe duk ta ji daga bayan ƙyaure. Ta ajiye tsintsiya, ta riƙe haɓa, ta ce, "Ke Badi'a, anya kanki ɗaya? Bazawara mai 'ya'ya uku, namiji ya zo har gida, ba ya shan komai, ba ya duka, ga gida ya saya lakadan, ki watsa masa ruwan kwano? Matarsa kwananta ne ya ƙare. Je ki ba shi haƙuri tun kafin wata ta riga ki."

Ban je ba. Wata ta riga ni kuwa, daga sitonmu ma, yarinya mai ƙwazo da ke gama buhu biyu da rabi a yini. Ranar da aka sa rana uwarta ta zo da kanta ta raba mana alewa, tana cewa a taya ta murna, 'yarta ta huta da haya.